Dala da sefa: aikin da matsalolin lissafi na ajin CE1 ba su ƙirga ba

Matsalolin lissafi da ake ba yaran CE1 da Faransanci sukan zo kamar haka: yarinya tana riƙe da 250 F, ta sayi ƙosai uku, kowane 25 F, nawa ya rage mata? Masu shirya darasin suna ganin aiki biyu ke nan, ninkawa da ɗebewa. A ganinmu uku ne.

Yaron Maradi ko Damagaram da dala yake ƙirga kuɗi, wato 5 F. Cikin kansa sai ya ce: dala 50, a fid da dala 15, saura dala 35. Ya rubuta 35, mushe ya soke da jan biro domin 175 yake jira. Alhali yaron ya ninka daidai, ya ɗebe daidai. Mayar da dala sefa ne ya rage, kuma wannan aikin darasin bai ambace shi ba.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma mayar da matsalar Hausa kaɗai ba ya magance wannan cikas. Muna so malami ya tambayi yaro "35 na me?" kafin ya sa masa maki.