Jinjina ga Masu Kula da Tukunyar Iska

Mai shan gahawar da aka cire wa kafeyin da wuya ya tuna da ma'aikatan masana'antun Jamus da ke wannan aiki da iskar kabon dayoksaid. Sai an matse ta a cikin tukunya fiye da ninki 70 na matsin iskar da muke shaƙa kafin ta yi aiki. Ba ta da launi, kuma idan ta zurare, ƙasa take kwantawa ta shaƙe mutum. Shi ya sa ma'aikaci ke duƙawa kullum ya duba robar bakin murfin tukunyar, ya gwada ƙararrawa, ya sa tabarau da safar hannu mai kauri, domin sanyin iskar na ƙona fata. Ko oga na gaggawa, ba ya buɗe tukunya sai allurar ma'auni ta koma sifili.