Mugu Ba Shi Da Ƙaho: Tsokaci Kan Makashi a Ƙagaggun Labaranmu

Gabatarwa

A makarantar da muke koyarwa a nan Ungogo mun taɓa ba 'yan aji biyar aikin ƙaga gajeren labari a kan kisan kai. Da muka zauna duba takardun, sai muka tarar kusan duk makashi ɗaya suka zana: ƙato, baƙi wuluk, mai jajayen idanu da tabo a kunci, wanda ba ya magana sai ya ƙyalƙyale da muguwar dariya. Ba mu ga laifin yaran ba, domin abin da muka rubuta musu suka karanta. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ja hankalin 'yan'uwa marubuta kan abu biyu: yadda masana ke gano halin makashi daga aikinsa, da kuma yadda magana ke gudana tsakanin mutum da mutum.

Aiki Magayi

A Amurka, hukumar FBI ta kafa sashen nazarin ɗabi'a a 1972. Daga baya jami'anta biyu, John Douglas da Robert Ressler, suka riƙa shiga gidajen yari suna hira da makasa, har mutum 36. Daga nan aka raba masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai gida biyu: mai tsari, wanda kan shirya, ya yaudari wanda zai kashe da daɗin baki, ya share sawunsa; da marar tsari, wanda kan auka wa mutum ba shiri, ya bar shaida birjik. Douglas ya kuma bambanta dabarar aiki da tambari. Dabara ita ce abin da dole mai laifi ya yi don aikinsa ya yiwu, kuma takan canja idan ya ƙware. Tambari kuwa abu ne da aikin bai buƙata ba, zuciyarsa ce ke buƙata. Alal misali, Gracious David-West, wanda aka kama a 2019 saboda kashe mata a otal-otal na Fatakwal, aka yanke masa hukuncin kisa a 2020, dabararsa ita ce jawo mace ɗaki, amma an riƙa samun gawarwakin ɗaure da farin ƙyalle, kuma maimaituwar wannan ita ta nuna hannu ɗaya ne.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne gare mu. Manomin da aka yi wa ɓarna a gona yakan dubi sawu ya ce yaro ne ko babba, ɗan gari ne ko baƙo, domin ɗan gari ya san inda shinge yake da rauni. Sai dai kada marubuci ya ɗauki abin tamkar duba. A 2004 wani masani ɗan Ingila, David Canter, da abokan aikinsa suka bi bayanan makasa 100, suka tarar rabon nan na mai tsari da marar tsari bai tsaya da ƙafarsa ba. Siffantawa takan rage yawan waɗanda ake zargi ne kawai, ba ta kama kowa. Jami'in binciken da ya dubi gawa ya faɗi sunan makashi nan take, boka ne aka sa wa kaki.

Baki Shi Ke Yanka Wuya

Duk wanda ya yi karatun koyarwa ya san tsarin nan da Shannon da Weaver suka fitar a 1949: akwai mai aikawa, da saƙo, da hanya, da mai karɓa, da kuma hayaniyar da ke gurɓata saƙon. Paul Watzlawick da abokansa suka ƙara a 1967 cewa mutum ba ya iya ƙin isar da saƙo, domin shirunsa ma magana ce. Shi kuwa Erving Goffman ya kwatanta zaman jama'a da wasan kwaikwayo, inda kowa ke da fuskar dandali da ta bayan fage. Mu nan sai mu ce fuskar zaure da ta ƙuryar ɗaki.

To, a nan ne yawancin littattafanmu ke tuntuɓe. Makashinmu da fuskar ƙuryar ɗaki yake yawo a kasuwa. Na gaskiya kuwa ba haka yake ba. Ted Bundy yakan rataye hannu kamar mai karaya, ya roƙi mace ta taimaka masa da kaya. Dennis Rader, wanda ya kashe mutum 10 tsakanin 1974 da 1991, shugaba ne a cocinsu, kuma magidanci mai iyali. Abin da ya kama shi a 2005 shi ne son magana: ya tambayi 'yan sanda ko za su iya gano shi idan ya aiko da faifan kwamfuta, suka amsa ta jarida cewa ba komai, ya aiko, sai ga sunansa da na cocin a ciki.

Ba sai mun tsallaka teku ba. Kanawa ba su manta da Hanifa Abubakar ba, 'yar shekara biyar da aka sace a Disamba 2021. Wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a Yuli 2022, tare da abokin aikinsa, mai makarantar da take zuwa ne. Ko da yake ba kisan ɗauki-ɗai-ɗai ba ne, darasin ɗaya ne: amana ce ta buɗe ƙofa.

Magabata Sun Gane

Marubutan Jiki Magayi, John Tafida da Rupert East, ba su ba Abubakar ƙaho ba. Mutum ne da aka ƙwace wa masoyiya, muna gani ƙullin ya yi ta girma a zuciyarsa har ya hallaka gida guda. A Kitsen Rogo, Abdulƙadir Ɗangambo ya bi ɗan ƙauye taki-taki har birni ya lalata shi. Mailoma na Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda Bature Gagare ya fitar a 1982, yana da zuzutawa a cikinsa, amma mun san daga inda ya fito, wato fagen yaƙin basasa. Waɗannan taurari suna da jiya, shi ya sa muke tuna su.

Abin Da Ke Kan Mizani

Wani zai ce ai labari ne, na nishaɗi. Muna roƙonsa ya dubi garinmu. A da, ƙauyukan Ungogo gona na jingine da gona, kowa ya san kakan kowa. Yau birni ya malalo Rijiyar Zaki da Bachirawa, maƙwabci bai san sana'ar maƙwabci ba. Yarinyar da ta koya daga littafi cewa mugu mummuna ne za ta bi mai fara'a da sallama. Matasan da suka koyi haka kuma, ranar da yaro ya ɓata, baƙo ko mai taɓin hankali za su rufar wa da duka, mai laifin na tsaye cikinsu yana salati.

Kammalawa

Shawararmu ga mai sha'awar wannan fanni ita ce, kafin ya zana fuskar makashinsa, ya fara rubuta gaisuwarsa. Yaya yake gaida dattijo? Me yake cewa a wurin ta'aziyya? Wace tambaya yake kauce wa? Ya sa jami'insa ya yi sauraro, ya yi kuskure, ya dawo baya. Ya kuma ba wanda aka kashe suna da uwa da buri, kada ya zama gawa kawai. Karin maganar nan ta labarin zuciya a tambayi fuska tana da gaskiyarta, amma marubuci ya tambayi harshe tukuna. Allah ya sa mu gyara, amin.