Wa Ke Riƙe da Takardar Tambaya?

Gasar kacici-kacici ta talabijin tun tana jaririya aka kama ta da maguɗi. A Amurka, shirin Twenty-One na 1956 ya mai da Charles Van Doren gwani a idon jama'a, ya kwashe dala 129,000. Sai a 1959 ya amsa a gaban kwamitin majalisa cewa ana ba shi amsoshin tun a ɓoye, har ɗan jinkirin da yake yi kafin ya amsa koya masa aka yi.

Wannan dai an tone shi. Akwai wani aibin da ba a cika faɗa ba. Duk wanda ya taɓa zama a Zangon Kwatano ana kallon Questions pour un champion ta tashar TV5, shirin nan na Faransa da aka fara a 1988, ya san abin da nake nufi. Ba maguɗi a ciki, ban ƙi ba. Amma fa sarakunan Faransa da kogunanta su ne ilimi. Dattijon da ya haddace zangunan fataken goro daga Salaga har Kano, ga Yarabanci ga Fon a bakinsa, sai ya yi tsit, jikansa ɗan aji shida yana riga shi amsa.