Durƙushewar Ƙananan Mawallafan Intanet da Halin Marubuci a Yammacin Zamfara

Littafin intanet, wato wanda ba a buga shi a takarda sai dai a karanta shi a fuskar waya ko kwamfuta, ya shigo adabin Hausa ne a daidai lokacin da kasuwar littattafan Kano take ja da baya. Wannan kasuwa, wadda Ibrahim Malumfashi ya yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, ta bunƙasa tun daga tsakiyar shekarun 1980, bayan da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya kasa ɗaukar yawan masu son a buga musu littafi, sai marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka riƙa kai rubutunsu maɗaba'a, dillalai kuma suna rarraba shi. Tsadar takarda da fitowar finafinan Hausa, sannan daga baya wayar hannu, su ne suka taru suka karya wannan tsari.

Ga mazauna Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Zamfara, tsarin Kano bai taɓa zama na kusa ba. Littafi yakan iso ne a cikin kayan 'yan tireda da suka biyo hanyar Gusau, ya sauka a hannun mai bayar da haya, ya yi ta zagaya gidajen matan aure har bangonsa ya yage. Yankin bai rasa masu alƙalami ba, domin Gummi ce mahaifar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, amma harkar ɗab'i da dillancin littafi ba ta kafu a can ba. Saboda haka duk wanda ya rubuta ƙagaggen labari sai ya nemi kuɗin mota da na bugu da kuma wanda zai tsaya masa a Kano, abin da ya fi ƙarfin yawancin matasa, balle matar da ke cikin kulle.

Wannan giɓi ne ƙananan mawallafan intanet suka yi alƙawarin cikewa. Abin da ake nufi da su shi ne ƙananan kamfanoni masu manhaja ko dandali inda marubuci zai ɗora littafinsa, ya sa masa farashi, mai karatu ya biya, kamfani ya cire kasonsa ya tura wa marubuci saura. Fitacce a cikinsu a Nijeriya shi ne OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, kuma ko da yake ba don Hausa aka gina shi ba, marubutan Hausa, akasarinsu mata, sun cika shi da littattafai. Amfaninsa bai tsaya ga ciniki ba, domin yana ajiye littafi a wuri guda da sunan mai shi, yana riƙe lissafin abin da aka saya, kuma yana hana a kwafe rubutu cikin sauƙi. A ranar 30 ga Nuwamban 2023 dandalin ya rufe, bayan shekara goma, masu shi suna danganta hakan da matsin tattalin arziki, a shekarar da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi. Dalilin a fili yake: kayan aikin intanet da irin wannan kamfani ke haya da dala ake biyansu, alhali littafin 'yan ɗaruruwan naira ake sayar da shi.

Ba a rasa sauran dandali ba, akwai ArewaBooks mai kula da littattafan Hausa, akwai kuma Wattpad na ƙasar Kanada, wanda yawancin abin da Hausawa ke ɗorawa a cikinsa kyauta ake karantawa. Sai dai ainihin cinikin ya tattara ne a WhatsApp da Telegram, kuma a nan ne ake ganin nauyin da ya koma kan marubuci. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta har labari ya kai inda ya fi daɗi, sannan ta sanar cewa daga nan littafin na kuɗi ne, ta rubuta lambar asusu, wanda ba shi da asusu ya turo katin waya. Mai karatu ya turo hoton shaidar biya, ita kuma ta duba ta tabbatar, ta saka shi a zauren waɗanda suka biya, sannan ta koma ta ci gaba da buga shafin gobe da babban yatsa, masu karatu suna ta aiko mata da saƙon ƙorafi idan ta makara. Ita ce mawallafiya, ita ce ma'aji, ita ce mai talla, ita ce kuma mai gadi, kuma gadin ne ya fi ba ta wahala, domin mutum ɗaya cikin waɗanda suka biya ya isa ya fitar da littafin zuwa zaurukan 'yan bati, wato masu karatu ba tare da biya ba. Daga nan wani zai haɗa shafukan wuri guda, wani lokaci har ya goge sunanta, wani kuma ya karanta shi da murya a YouTube ya ci kuɗin talla, alhali babu wani kamfani da zai shigar mata da ƙara.

Wannan yanayi ya taɓa siffar labarin kansa, kuma wannan ita ce asarar da ba a cika lissafawa ba. Tun da kuɗi na shigowa ne muddin mai karatu yana cikin zumuɗi, labari yakan yi tsawon da ya wuce ƙima, kowane shafi ya ƙare da tarko, kuma wasu marubuta sukan karkata ga batsa saboda ita ce ke saurin jawo masu biya. Ba a ce ƙananan dandalan sun kasance masu tace rubutu sosai ba, domin yawancinsu ba su da editan Hausa, amma aƙalla sun tilasta wa marubuci ya haɗa aikinsa a matsayin littafi mai bango da suna. A zauren WhatsApp kuwa ƙa'idojin rubutu, irin su rabewar kalmomi da haruffa masu lanƙwasa, sun zama abin da aka ga dama, kuma littafin da ke cikin waya ɗaya kan ɓace ranar da wayar ta lalace ko aka sace ta. Manazarcin da zai nemi littattafan wannan zamani nan da shekara ashirin zai sha wahalar da ta fi ta mai neman na shekarun 1990, waɗanda wasu malaman jami'a suka tara kwafinsu.

A yammacin Zamfara akwai ƙarin cikas da marubucin Kano ko Kaduna bai sani ba. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta ba da umarnin katse layukan waya a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga, kuma ƙananan hukumomin da ke wajen Gusau sun daɗe kafin a maido musu. Littafin da ke kan dandali yana iya ci gaba da sayuwa ko da mai shi ba ya kan layi, amma cinikin da ya dogara ga marubuci ya amsa saƙo da kansa kowace rana yakan tsaya cak idan aka ɗauke sabis, masu karatu kuma su koma wajen wani. Idan aka haɗa da ƙarancin wutar lantarki, wanda ke sa a kai waya shagon caji, da ƙarancin rassan banki, wanda ke sa a dogara ga masu POS, za a ga cewa nisan da ke tsakanin Bukkuyum da kasuwar littafi bai gushe ba, kamanninsa ne suka sauya.

Akwai kuma batun abin da ake rubutawa. Yankin nan ya ga annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta biyo bayan sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, ta kashe yara sama da 400, ya kuma ga shekaru na satar shanu da garkuwa da mutane da gudun hijira zuwa cikin garin Anka. Labarin irin wannan rayuwa yana buƙatar lokaci da edita da mawallafin da zai jure jiran riba, abubuwan da zauren biya-ka-karanta ba ya bayarwa, shi ya sa matashiyar marubuciya a Gummi za ta fi samun masu saye idan ta kafa labarinta a gidan attajiri a Abuja, da Hausar Kano, ta ajiye Zamfarancin da take magana da shi a gida. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan jigogi, sai dai gajerun labarai take karɓa, sau ɗaya a shekara.