Dala Arba'in Sau Uku: Alheri da Karamci a Wasu Littattafan Amurka

Kowane ɗalibin Hausa da ya zauna ajin al'ada ya san ɗan littafin nan na Kirk-Greene, Mutumin Kirki, wanda aka buga a 1974, inda ya jero halaye goma da Bahaushe ke auna nagartar mutum da su, karamci kuwa yana ciki. Mu dai in muka zo maganar karamci, mai bayarwa muke kallo, mu yaba masa, mu wuce. A wannan 'yar maƙala ina so in ɗauki ma'aunin nan in kai shi wata ƙasa, watau Amurka, in duba wasu ƙagaggun labaranta da suka yi suna, in ga wa ke bayarwa, wa ke karɓa, kuma halin wa ke sakewa. Abin da na gani shi ne, alherin da ke gyara tauraro a littattafan nan daga hannun wanda ba shi da komai yake fitowa, kyautar masu hali kuwa da wuya ka same ta babu igiya ɗaure a ƙafarta.

Mu fara da Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe, wanda ya fito a 1852, shekara 13 kafin a haramta bauta a Amurka a 1865. Bawan nan Tom ya yi iyayengiji biyu masu kirki. Na farko, Shelby, bashi ya ci shi, ya sayar da Tom yana ta nuna baƙin ciki. Na biyu, St. Clare, ya yi masa alkawarin 'yanci, amma ya yi ta jan ƙafa har mutuwa ta riske shi bai rubuta takarda ba, matarsa ta tura Tom kasuwa. Kirkin mutanen nan biyu bai hana Tom mutuwa da duka a gonar audugar Legree ba. Wanda ya karanta Shaihu Umar zai tuna da Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, alhali da fataucin bayi yake cin abinci. Tom kuwa, da ba shi da ko anini, shi ne ke ɗebar auduga daga buhunsa yana zuba wa wata baiwa mai rauni don kada a yi mata bulala. Sai dai ni Tom bai gamsar da ni ba. Yadda ya shigo labarin haka ya fita, haƙurinsa ya yi yawa har ya daina kama da na ɗan Adam, kuma tun 1949 James Baldwin ya soki littafin a kan irin wannan.

John Steinbeck ya fi ta wayo a The Grapes of Wrath na 1939, domin shi mai bayarwa da mai karɓa duk a tabarma ɗaya ya zaunar da su. Iyalin Joad fari da bashin banki suka kore su daga Oklahoma suka nufi Kalifoniya. A sansanin masu gudun yunwa uwar gidan ta dafa abincin da bai isa nata ba, yaran maƙwabta suka kewaye tukunyar suna kallo, ta rage musu. Sai ga uwar wani yaro ta zo da faɗa, don a ganinta an tona mata asiri. Wannan wuri ya yi kyau ƙwarai, domin ya nuna kyauta tana iya ƙona wanda aka ba. A ƙarshe 'yar gidan, wadda da ba ta tunanin kowa sai kanta da cikin da take ɗauke da shi, ta haifi ɗa ba rai, ta shayar da wani baƙon mutum da yunwa ke shirin kashewa.

Amma littafin da ya fi cin raina, wanda kuma zan tsaya a kansa, shi ne Adventures of Huckleberry Finn na Mark Twain, da ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885. Huck yaro ne ɗan shekara 13 ko 14, ubansa mashayi ne mai duka. Wata mata mai hali, Douglas, ta ɗauke shi ta yi masa sutura ta sa shi makaranta. Ba a ce ba ta kyauta ba, amma duk tarbiyyar gidan ba ta taɓa nuna wa yaron cewa mallakar mutum laifi ne ba, tun da 'yar uwarta Watson ma tana da bawa, Jim. Jim ya ji za a sayar da shi can kudu a kan dala 800, ya gudu. Huck shi ma ya tsere wa ubansa. Suka haɗu a wani tsibiri, suka hau wasu katakai da aka ɗaure wuri guda, suka bi kogin Misisipi.

To, a kan katakan nan aka yi wa Huck tarbiyyar gaske, malamin kuwa bawa ne. Da suka tarar da gawa a wani gida da ambaliya ta ɗauko, Jim ya rufe fuskar ya hana yaron kallo, sai a ƙarshen littafi muka ji ashe uban Huck ne. Da dare in lokacin gadin Huck ya yi, Jim yakan ƙyale shi ya yi barci, ya haɗa da nasa. Ran da hazo ya raba su, Huck ya dawo ya tarar Jim ya gaji da wahala da kiran sunansa har barci ya kwashe shi, sai ya yi masa wasan banza, ya ce ai mafarki ya yi, ba su taɓa rabuwa ba. Da Jim ya gane, ya gaya masa magana mai zafi a kan wanda ke kunyata abokinsa. Huck ya yi minti 15 yana kokawa da zuciyarsa kafin ya iya ba baƙin mutum haƙuri. Masu karatu su lura, Twain bai sa yaron ya yi wani dogon jawabi ba, minti 15 ɗin nan kaɗai sun isa mu ga nauyin abin da aka ɗora masa tun yana goye.

Yanzu ga abin da ya sa na ba maƙalar nan sunanta. Sau uku dala 40 ke fitowa a labarin, kuma kowane karo Jim ne a tsakiya. Na farko, wasu mutum biyu masu farautar gudaddun bayi sun tare Huck a kan ruwa, ya bar su suka zaci ubansa ne kwance a katakan da ciwon agana. Tsoro ya hana su matsowa, kowannensu ya ɗora dala 20 ta zinariya a kan allo ya turo masa, suka yi gaba. Sadaka ce da aka bayar don a sami damar gudu da zuciya fara. Na biyu, wani ɗan damfara da ya laɓe musu, mai cewa shi ɗan sarkin Faransa ne, ya ci ya sha a wurinsu, sa'an nan ya sayar da Jim a kan dala 40, kuɗin suka ƙare a giya da caca.

A nan ne Huck ya rubuta wa Watson takarda don ya faɗa mata inda bawanta yake, domin a iyakar saninsa taimakon bawa ya gudu sata ce, mai yin ta kuwa ɗan wuta ne. Ya riƙe takardar, sai ya shiga tuna gadin daren nan da Jim ke ɗauke masa, da murnar da ya yi ran hazo. Ya yage ta, yana mai sakankancewa ya sayi wuta ke nan. Babu wata hujja da ta ci shi, bai ma daina ganin bauta daidai ce ba. Bashin alheri ne ya yi masa nauyi har ya rinjayi duk abin da garinsu ya koya masa.

Na uku shi ne ya fi ɗaci. Tom Sawyer, abokin Huck, ɗan gida mai rufin asiri, ya iso gonar da aka tsare Jim, ya san sarai Watson ta rasu wata biyu da suka wuce, ta kuma 'yanta shi a wasiyyarta. Ya yi shiru, don yana sha'awar wasan kuɓutar da fursuna irin na littattafan da ya karanta. Ya tara wa mutumin ɓeraye da macizai a ɗaki har makonni. Daren gudun aka harbi Tom a ƙafa. Jim, ga hanya a buɗe, ya ƙi tafiya sai an kira likita, ya fito daga maɓoyarsa ya taya jinya, aka sake kama shi aka sa masa sarƙa. Da gaskiya ta fito, sai Tom ya ba shi dala 40 ladan zama fursuna da haƙuri.

Hemingway ya taɓa ba da shawara a 1935 cewa a tsaya da karatun littafin daga inda aka sace Jim, sauran duk ha'inci ne. Ban yarda da shi ba. In aka yanke wannan ɓangare, an ɓoye mana fuskar karamcin Tom, wanda zai iya fasa magana ɗaya ya 'yanta mutum, ya zaɓi ya ba shi tukuici. Inda nake ganin laifin Twain dabam ne. Jim da ya tsaya ya yi wa Huck faɗa ran hazo, Jim da ya zauna yana kuka don ya tuna ya taɓa marin 'yarsa bai san zazzaɓi ya kurmantar da ita ba, shi ne aka mayar mai washe baki a kan dala 40, yana cewa ai dama ya faɗa zai yi arziki. Kamar dai marubucin ya gama amfani da alherinsa wajen gyara farin yaro, sai ya ajiye shi. Ina jin wannan giɓi na cikin abin da ya sa Percival Everett ya sake ba da labarin daga bakin bawan a littafinsa James na 2024.

Tun a kan ruwa Jim ya gaya wa Huck burinsa: in ya isa ƙasar 'yanci zai yi aiki ya tara kuɗi ya fanshi matarsa, su biyu kuma su fanshi 'ya'yansu biyu. Littafin ya rufe Huck yana shirin ƙara gaba, Tom yana yawo da harsashinsa a wuya, ba wanda ya sake ambaton matar da yaran. A kasuwar da aka yi wa Jim kansa kuɗi dala 800, tukuicin Tom bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na fansar mutum guda ba.