Maganin "Nano" da Sankarar Fata: Ɓera Ya Warke, Mutum Fa?

Mai karatu, in kana cikin zauren WhatsApp na dangi, da wuya a ce irin wannan labari bai taɓa faɗo maka ba: wai masana sun ƙirƙiro wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗaukar maganin kemo su kai shi kan sankarar fata kai tsaye, ba zubewar gashi, ba amai. A ƙasa kuma sai ka ga an jera "Allahu Akbar, an samo maganin kansa." Da yadda ake ba da labarin nake da ja, don rabinsa ake faɗa maka.

Bari mu ba ilimin haƙƙinsa tukuna. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, ƙwayoyin nan kuma yawanci ba su wuce nanomita 100 da 'yan kai ba. Dabarar ita ce a ƙunshe maganin cikin ɗan ƙunzugun kitse ko furotin, don kada ya yi ta ɓarna a hanya. A 1986 wasu masana biyu na Japan, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suna yoyo, don haka irin waɗannan ƙwayoyi kan tsiyaya su taru a wurin. A 1995 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Doxil, wato maganin doxorubicin a cikin ƙunshin kitse, don sankarar Kaposi mai fitowa a fatar masu cutar ƙanjamau. Ya rage illar da maganin ke yi wa zuciya. Wannan nasara ce, ba mai musu. Sai dai shi ma ya zo da tasa matsalar: tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su yi zafi, har su sāɓule. To ina batun "ba illa"?

Ga abin da ba a turo maka. A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara binciken shekara goma da aka yi a kan dabbobi, akasari ɓeraye. Abin da suka samu: a tsaka-tsaki, kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal na ƙwayoyin da aka ɗura ke isa ga ƙarin. Hanta da saifa ke kwashe kaso mai yawa. Ka ga ke nan "kai tsaye" ɗin nan akwai gyara a cikinsa. Kuma ƙarin da aka dasa wa ɓera ya girma cikin makonni ba ɗaya yake da na mutum ba.

Melanoma, wadda ta fi kisa cikin sankarorin fata, ita ce zakaran gwajin dafi. An gwada Abraxane, maganin paclitaxel da aka haɗa da furotin albumin, a kan marasa lafiya fiye da 500, aka kwatanta shi da tsohon magani dacarbazine. Ya jinkirta yaɗuwar cutar da kusan wata biyu, amma bai nuna ƙarin tsawon rai da za a kafa hujja da shi ba, kuma ba a amince da shi don melanoma ba. Abin da ya sauya lissafi magungunan tada garkuwar jiki ne: ipilimumab a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. Labarin da zai yi maka zancen melanoma bai ambaci waɗannan ba, ya rage ka da yawa.

Me ya sa na damu? Saboda mu baƙar fata mun ɗauka wannan ciwon Turawa ne. Gaskiya ba ta cika kama mu ba, amma idan ta zo takan ɓuya a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda ba mai dubawa, sai ta yi nisa a gano. Ita ta kashe Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga ɗan yatsan ƙafa ta fara. 'Yan uwanmu zabiya a gida kuwa, rana ce ke gasa fatarsu har ta zama sankara tun suna matasa. Yaron da ke tallar ruwa a Kano ko Zinder hula mai faɗi, riga mai dogon hannu da man kare rana yake buƙata yau, ba abin da ke cikin ɗakin gwaji ba.

Saboda haka, ɗan uwa, idan an sake turo maka irin wannan, yi tambaya uku kafin ka tura gaba: a kan ɓera aka gwada ko mutum? Mutum nawa? Sun ƙara kwana, ko ƙarin ne kawai ya ɗan motse? Wanda kuma ya ce zai sayar maka da kwalbar "nano" ta intanet, riƙe kuɗinka.

In ka ga baƙin tabo a tafin ƙafar Baba yana faɗaɗa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kai shi wurin likita a makon nan. Sankarar fata da aka kama da wuri, sau da yawa 'yar ƙaramar tiyata ce ke raba mutum da ita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.