Ba Don Rigarmu Aka Ƙera Akwatin Nan Ba

Wata ranar Alhamis na shigo Jega daga Jandutsi na karɓi kayana wajen mai wanki da guga: babbar riga da 'yar ciki da wando, na farar shadda, saboda ɗaurin auren wani abokina a Sakkwato washegari bayan an sauko Juma'a. Dattijon ya sa wa rigar sitaci daidai misali, ya bi ta da dutsen gawayi, ya ninke ta irin ninkinsu na masu sana'a, hannuwa a ciki, aikin wuya a sama, ta fito a shimfiɗe kamar allo. Zai miƙo mini ke nan sai idonsa ya faɗa kan akwatin da nake ja, sabo fil, mai taya huɗu, jikinsa na roba mai tauri sai ɗaukar ido yake yi. Ya ce in buɗe ya gani. Na zuge zif, akwatin ya rabe biyu kamar an fafe ƙwarya. Ya sa tafin hannu ya shafa cikinsa, ya ji tudun ƙarafan mariƙi guda biyu da suka ratsa ƙarƙashin shafin.

"Ɗana," ya ce, "wanga akwati ba na riga ba na. In ka sa ta ciki, aikina ya tashi banza."

Na ce, "Baba, ai sabon yayi ne, don kaya aka yi shi."

Bai ƙara cewa komai ba. Sai da na ƙara wa rigar ninki ɗaya kafin ta shiga, kuma ninkin ya ratsa ta tsakiyar aikin. A tasha yaron mota ya tsayar da akwatin a but, a Aliero aka danna masa buhun albasa a gefe, muka bi ta Tambuwal da Shagari cikin zafin rana. Da na buɗe a masauki, rigar ta zame ta taru a gindin akwati, ga layi biyu dogaye a bayanta daidai inda ƙarafan suke, aikin wuya ya karye. Babu wuta a unguwar. Safiyar Juma'ar nan a neman mai guga na ƙarar da ita, kuma karayar aikin ba ta gama fita ba sai da aka sake wanke rigar.

Tun daga ranar nake lura da akwatunan da mutanenmu ke saye, kuma ga abin da na yarda da shi: mun rungumi akwatin da aka zana don suturar wasu, muna tilasta wa tamu suturar ta shige shi, alhali muna da masu sana'ar da za su iya yi mana wanda ya dace.

Ba yau muka fara tafiya da tufa ba. Jega gari ne na fatauci tun kafuwarta a farkon ƙarni na 19, zamanin Buhari ɗan Abdussalami, kuma kasuwarta ta zama zangon ayarin masu zuwa Gwanja neman goro. Tufafi na cikin manyan hajojin da fatake ke tafiya da su, riguna da rawuna da baƙin turkudi, tafiyar watanni a kan jakuna, kuma sai sun isa da kyansu za su yi kuɗi. A ɗaka kuwa akwai adudu, akwai lefe, wanda asalinsa kwando ne na kaba tun kafin sunan ya koma kan kayan aure. Sannan adaka ta zo, sunan da har yau Ashantawa ke kiran akwati da shi. Bayanta fantimoti. Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: gindinsu shimfiɗaɗɗe ne, ta sama ake buɗe su, a kwance ake ajiye su, a kwance ake ɗaukar su a ka ko a bayan dabba. Tufa tana shiga yadda aka ninke ta, ta fito yadda ta shiga. Adakar kakata ta ƙarfe, mai fentin baƙi da jan fure, tana nan a gidanmu. Za ka ɗaga murfi ƙamshin turare ya buge ka, zannuwan da suka shekara a ciki kowanne da karinsa.

Akwatin da muke ja yau tarihinsa daban ne. A 1858 Louis Vuitton ya fito da akwati mai shimfiɗaɗɗen murfi a birnin Faris, don a riƙa jibga wani kan wani a jirgin ƙasa da na ruwa. Daga baya aka yi manyan akwatuna masu tsayuwa kamar kabad, da wurin rataye kwat a ciki. Wani Ba'amurke, Bernard Sadow, ya sa wa akwati taya, ya sami takardar mallakar ƙirar a 1972. A 1987 wani matuƙin jirgin sama mai suna Robert Plath ya tayar da akwatin tsaye a kan taya biyu, ya sa masa mariƙin da ake zarowa. A 2000 kamfanin Rimowa na Jamus ya fito da mai jikin roba mai tauri marar nauyi. Kowane mataki amsa ce ga damuwar matafiyin can: daɓen filin jirgi mai santsi, siririyar hanya tsakanin kujeru, ma'ajin da ke saman kai wanda ba ya karɓar abin da ya wuce kimanin santimita 55 a tsawo. Idan masu ƙirar suka tuna da yamutsewar tufa, kwat suke tunawa, shi ya sa za ka ga maratayi da jakar da ake lanƙwasa kwat a ciki. Kwat kuwa rataye shi ake yi, kuma ulu idan ya kwana a rataye yakan saki da kansa.

Babbar riga ba haka take ba. Ninke ta ake yi, kuma ninkin wani ɓangare ne na adonta. Duba limami ko hakimi ranar Idi, za ka ga layukan ninki a miƙe a jikin rigarsa, murabba'i bayan murabba'i. Wannan shi ne kari, shi ke shaida cewa daga hannun mai guga ko mai bugu ta fito. Mai ƙera akwati a Turai ko Sin yana yaƙi da kowane layi a jikin tufa. Mu kuwa akwai layin da muke so, akwai wanda ba mu so. Kari ado ne, cukurkuɗewa ce aibi. Akwatin da bai san bambancin nan ba ba zai taɓa yi mana daidai ba, ko nawa aka saye shi.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Shadda auduga ce, kuma zaren auduga yana riƙe duk siffar da aka bar shi a kai idan zafi da danshi da nauyi suka haɗu. Da wannan ɗabi'ar mai guga yake aiki: ya yayyafa ruwa, ya ɗora zafi, ya danna. To but ɗin mota a watan Afrilu a hanyar Maiyama zuwa Koko ma dutsen guga ne, sai dai shi ba ya zaɓen inda zai danna. Idan aka sa tufa a akwati da ɗuminta, ko da sauran laima a jikinta, duk lanƙwasar da ta yi a hanya ta zauna ke nan. Sitaci kuma yana ƙara wa abin tsanani, don tufar da ta yi tauri ba ta lanƙwasa, karyewa take yi. Ƙyallin shadda mai tsada, irin gezna da ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, daga matsa da bugu yake samuwa, kuma inda ta karye nan ƙyallin yake dusashewa ya bar farin layi. Mutum ya sayi yadi goma, ya biya tela, ya biya mai aikin wuya, ya jira makonni, sannan tafiyar awa biyu ta rage mata daraja.

Akwatin yayi yana da laifi uku a nan. Tsayuwar da yake yi a kan taya tana sa duk abin da aka shimfiɗa ya gangara ƙasa. Rabewar da yake yi biyu ta sa kowane ɓari ba shi da zurfi, kuma lokacin rufewa dole a kifa rabin kayan a kan rabi. Sai ƙarafan mariƙin nan da Baba ya shafa, waɗanda suka mayar da gindin akwati kamar kunyar gona. Igiyoyin roba da ake cewa suna riƙe kaya su ma a tsakiya suke shaƙe tufa, su bar mata gurbi.

Yanzu kuma wayoyi sun cika da masu koyar da shirya kaya: a naɗe tufa kamar tabarma, ko a sa ta a leda a zuƙe iskar. Ga singileti da wandon jins shawara ce mai kyau. Na ga wani ɗalibi na jami'ar Aliero ya yi wa kaftaninsa mai sitaci haka zai tafi hutu, kuma na tausaya masa tun kafin ya isa gida.

Hula kuwa ba ta da wuri ko kaɗan. Mai wankin hula zai wanke ta, ya sa sitaci, ya kifa ta a gungume ta bushe, ya fitar mata da kari, aikin yini guda ko fiye. Babu akwati ɗaya a kasuwa da na gani wanda ya tanadar mata gurbi. Shi ya sa za ka ga magidanci a mota ya ɗora hula biyu a kansa, ɗaya cikin ɗaya, ko ya riƙe ta a leda a kan cinya tun daga Jega har Kontagora. Ƙasar da miliyoyin maza ba sa fita taro ba hula, a ce har yau maganar ɗaukarta ba ta dami wani mai ƙira ba.

Ba na cewa a koma ɗaukar adaka a ka. Duk wanda ya raka tsohuwa filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi lokacin tashin alhazai ya san taya rahama ce. Jikin roba yana tare ƙurar hunturu da ruwan damina fiye da jakar leda mai ratsi-ratsi, wadda ta sami sunan Ghana-must-go tun korar baƙi ta 1983, duk da cewa ita jakar, saboda faɗin gindinta, takan karɓi babbar riga ba tare da ƙarin ninki ba, kuma wannan abin lura ne. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka daina tambayar akwati aikinsa. A lefe yanzu ƙirge ake yi: saiti nawa, guda nawa, wane launi. Mata za su zo ganin kaya, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a yaba. Wata shida bayan biki ƙananan tayun sun kakkarye a rairayi da tsakuwa, don ba don layukan Jandutsi aka yi su ba, zif ya ɓare, amarya ta kwashe atamfofinta da leshinta ta mayar cikin tsohon akwatin ƙarfen uwarta. An kashe kuɗi mai yawa a kan abin da bai kai adaka riƙon amana ba.

Abin da nake so in gani ba shi da wuya. Akwati mai faɗi wanda aka auna shi da ninkin mai guga, ba da kafaɗar kwat ba. Ya buɗe ta sama da murfi ɗaya. Ƙarafan mariƙi su koma waje, ciki ya zama sumul. A sa masa faifai biyu ko uku marasa nauyi da za a raba tufafi da su, sannan wani a sama mai faɗin akwatin duka, wanda za a ɗaure ta gefe ya danne kaya baki ɗaya, ko an tsayar da akwatin kada komai ya motsa. A gefe guda a yi gurbi mai tauri, zagayayye, da zai ci hula uku ko huɗu a jere cikin juna. Shafin ciki ya zama na auduga don tufa ta sha iska. Taya biyu manya sun fi huɗu ƙanana amfani a ƙasarmu.

Wa zai yi? Dukawan Sakkwato suna ɗinka jakunkuna da jar fatar akuyar da Turai ta daɗe tana saye da sunan fatar Maroko. Masu ƙera akwatin ƙarfe suna nan a kasuwanninmu, suna yi wa 'yan makarantar kwana. Teloli sun san awon riga, masu guga sun san awon ninki. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, ɗalibanta na injiniya suna neman aikin kammala karatu kowace shekara. Ga aiki nan a ƙofar gida, kuma kasuwarsa ba ta tsaya a Kebbi ba. Daga Kano zuwa Maraɗi, daga Bamako zuwa Dakar, babbar rigar shadda ake sawa, kuma ina da yaƙinin damuwar ɗaya ce. Hukumomin alhazai ma da ke ba maniyyata akwati iri ɗaya kowace shekara, da za su nemi irin wannan ƙirar daga masu yi musu, da an sami mafari.

Da na koma wajen Baba bayan bikin na ba shi labari, bai ce ai na gaya maka ba. Ya tashi ya ɗauko kwali mai kauri, ya yanka biyu daidai faɗin ninkinsa, ya sa rigar a tsakani, ya naɗe da tsohon zane mai tsabta, ya ɗaure ta kusurwa huɗu.

"Ka bari ta huce kahin ka ɗamre," ya ce. "Kuma kak ka ba yaron mota. Bisa cinya za ka aza ta."

Haka nake tafiya da ita har yau. Akwatin mai taya huɗu yana but da takalma da tawul da sauran tarkace, rigar tana kan cinyata, hular tana cikin wani tsohon gwangwanin madara mai faɗi da matata ta wanke ta shimfiɗa wa ƙyalle.